Ƙahon Da Ba A Ajiyewa

Zuwa gare ki Tamta, sanyin idona, inuwar da nake gudu zuwa gare ta, ɓauren farkon kaka mai tsagewa don zaƙi, ke da tafiyarki ta fi ta ruwan kogin Rioni natsuwa a kan fararen duwatsu. Gaisuwa gare ki da yawan ganyen inabin gonar babanki, gaisuwar wanda ya ga safiya amma bai ga rana ba, don ranarsa ta hau mota ta koma Kutaisi ta bar shi a bakin titi kamar kayan da aka manta.

Beso makaɗinmu ne zai miƙo miki wannan takarda. Na roƙe shi kada ya ce komai, amma kin san Beso, bakinsa ya fi gangarsa ƙara. Duk abin da ya ƙara nasa ne. Nawa shi ne wanda ke rubuce, kuma ina roƙon ki da girman Allah ki karanta har ƙasa kafin ki cusa shi a murhu.

Wayyo Tamta! Kin tuna yadda muka shigo garin nan na Batumi? Motar ɗalibai cike da riguna da takalman rawa, Malama Eteri a kujerar gaba tana ƙirga kawunanmu kamar mai kiwon agwagi, 'yan baya suna waƙa da muryoyin da ko akuya ba za ta yarda da su ba. Muka zo gasar rawa ta jami'o'i, amma ba wanda ya yi maganar gasa a hanya. Kowa teku yake so ya gani, da dogayen benayen gilashi, da gidajen cacan da fitilunsu ke ci ko da rana tsaka. Malama ta juyo ta nuna mu da sandarta ta ce, "Duk wanda na kama ya leƙa ƙofar gidan caca, da ƙafa zai koma gidan ubansa." Muka yi dariya. Ga shi yau ni nake kwana a cikinsa, kuma ita da kanta ta tafa lokacin da aka rufe ni.

Rannan da aka sake mu yawo, ruwan sama ya koro mu cikin wata 'yar rumfar abinci a bayan tashar jiragen ruwa. Aka kawo mana burodin nan mai siffar kwalekwale, cuku yana tafasa a cikinsa, ƙwai a tsakiya, man shanu yana narkewa. Na ɗauki cokali mai yatsu, kika buge min hannu da takardar goge baki kika ce, "Haba baƙauye, wa ya taɓa cin wannan da ƙarfe?" Kika ɓalli hancin kwalekwalen kika dama ƙwan da shi, kika miƙo min. Ni da na yi shekaru ina zagaya ki a fagen rawa ban taɓa ko gefen mayafinki ba, ranar na ci abin da yatsunki suka riƙe. Har yau idan na wuce ta lungun nan sai na kau da kai.

A rumfar nan kika gaya min abin da ya hana ni haɗiye loma ta biyu. Mamanki ta samo miki aiki a Italiya, kula da wata tsohuwa a gidan da ke kusa da inda ita take yi, kuma da an gama tsinkar inabi za ki tafi. Kika sunkuyar da kai kamar yadda kike yi a rawa, kika ce, "Sai dai idan wani ya zo gaban Baba kafin a rufe tulunan giya." Na ce wanin nan ya riga ya wanke rigarsa. Na yi miki alkawari zan zo ƙauyenku Obca da kawunnaina, in ɗauki kwando in shiga layin inabi tare da 'yan'uwanki, in yi aiki har babanki ya gaji da kallona ya tambayi abin da ya kawo ni. Kika yi dariya har kika ƙware. Alkawarin nan yana nan a wuyana, Tamta, ban sauke shi ba ko na ƙiftawar ido.

Kashegari muka yi rawar Kartuli a gaban alƙalai. Me zan gaya miki a kanta da ba ki sani ba? Ke kina tafiya kamar ba ki da ƙafa, idonki a ƙasa. Ni ina bin ki, ƙirji a miƙe, idona a kanki ke kaɗai, ina kusantar ki har in ji iskar rigarki, amma ko bakin rigata bai isa ya shafe ki ba. Abin da Malama ta dasa mana ke nan tun ranar farko: namijin da ya taɓa abokiyar rawarsa ya zubar da mutuncinsa, ya tattara takalmansa ya tafi noma. Mutane suna yaba min wai ba a taɓa ganin mai kusanta irina ba tare da ya taɓa ba. Ba su san cewa azaba ce suke tafa wa ba! Muka ci gasar, Beso ya jefa hularsa sama ta maƙale a fitila, ke kuma kika yi kuka a kafaɗar Malama.

Daga nan ne Baba Guram ya shigo rayuwata da hannuwansa biyu a buɗe. Kin gan shi, ƙaton tsohon nan mai farin gashin baki, mai otal da gidan caca a bakin teku, wanda ya ɗauki nauyin ciyar da dukan ɗaliban da suka zo gasa. Da ya ji sunan mahaifina sai ya tsaya cak. "Kai ne ɗan Anzor? Anzor na Kutaisi?" Ya rungume ni har haƙarƙarina ya yi ƙara. Ashe tare suka yi aikin soja, bargo ɗaya suka raba a kan dutse, kuma bai sami labarin rasuwar mahaifina ba sai bayan an binne shi. Tsohon nan ya yi hawaye a gaban kowa. Na so shi a take, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne har yanzu ban daina son sa ba.

Kina wurin a walimar. Kin ga teburin da aka jera faranti a kan faranti har ba a ganin mayafinsa, gasasshen nama da wake a tukunyar ƙasa da wainar masara. Shi ne tamada, sarkin teburi, kuma kin san idan tamada ya miƙe ko cokali ba ya motsi. Ya sa aka sha don zaman lafiya, aka sha don ƙasa, aka sha don mata. Sai ya ce a kawo ƙaho. Aka ɗauko wani babban ƙahon bijimi mai bakin azurfa, aka cika shi da giyar inabi. Maza duka suka miƙe tsaye, don an zo kan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Ya yi magana a kan mahaifina yadda ban taɓa jin wani ya yi ba. Ya faɗi yadda yake dariya, yadda mahaifin nawa ya goya shi a baya ranar da ƙafarsa ta karye a cikin dusar ƙanƙara. Sai kawai, a cikin numfashi ɗaya, ba tare da ya sauke murya ba, ya ce, "Don Anzor, Allah ya haskaka makwancinsa, da kuma ɗansa Otar, wanda zai zauna ƙarƙashin rufina ya yi rawa a zaurena har zuwa bikin Ista na baɗi, in yi masa abin da ban samu na yi wa ubansa ba. Ɗana, karɓi." Ya ɗora min ƙahon a hannu.

Tamta, ke 'yar ƙasar nan ce, ba sai na koya miki ba. Ƙaho ba kofi ba ne, ba shi da mazauni. Ba a ajiye shi a kan teburi sai an shanye, in ba haka ba ya kife ya zubar. Ba a katse tamada. Ba a cewa na yarda da rabin maganar, rabin kuma a mayar da shi tulu. Ya ɗaure sunan ubana da zamana a igiya ɗaya, ya miƙo min a gaban mutum sama da ɗari. In na sha, na amsa. In na ƙi, na zubar da sunan mahaifina a kan mayafin teburi, a gaban aminin da ya yi masa kuka. Gaba kura, baya sayaki! Wane ɗa ne zai tsaya da ƙahon ubansa a hannu ya ce a dakata yana da uzuri? Na nemi idonki a tsallaken teburi, na same shi a buɗe, yana kallona yadda bai taɓa yi a rawa ba. Na ɗaga ƙahon na sha. Na sha har ƙasa, na kifa shi, ko ɗigo bai faɗo ba. Zauren ya ɗauki tafi, Malama ta share hawaye tana cewa ɗalibinta ya samu arziki, ni kuwa ji na yi kamar an turo ƙofa an murza makulli.

Da safe a bakin mota ba ki ba ni ko minti ɗaya ba. Kika gyara jakarki kika ce, "To, ɗan Baba Guram, a yi rawa lafiya." Da ma marina kika yi! Na san abin da ke ƙarƙashin maganar. Na san babanki ya rantse cewa ƙafar da take cin abinci a gidan caca ba za ta taka gonarsa da sunan neman aure ba, tun da yayansa ya zo garin nan ya bar wa 'yan caca gonar tudu a kan teburin karta. Ba na ganin laifinsa. Amma kin ga inda aka ajiye ni: muddin ina ƙarƙashin rufin nan ba ni da fuskar zuwa Obca, kuma kafin Ista ta zo kin daɗe da tsallaka teku.

Bari in gaya miki irin gidan da nake ciki, ko tausayi ya kama ki. Zauren caca ba shi da taga, ba shi da agogo. An yi shi ne don kada mutum ya san rana ta fito ko ta faɗi. Iskar ciki ba ta taɓa ganin itace ba. Injuna suna ta kuka irin na tsuntsayen ƙarya, kafet yana haɗiye sawun ƙafa, mutane suna zaune da fuskoki kamar na masu jiran likita. A ƙarshen zauren aka yi mana ɗan dandamali. Nan nake fitowa cikin baƙar rigata in yi rawar da kakanninmu suka yi a ranar aure, ina zagaya wata baiwar Allah mai suna Lali, yarinya mai kirki wadda ba ta yi min laifin komai ba sai na rashin zama ke. Ba mai ɗaga kai. Wani lokaci wani ya ci, ya yi ihu, mu ɗauka mu ake yi wa. Idona da aka horar ya tsaya a kan fuska ɗaya, yanzu a kan wa zai tsaya?

Ɗakina kuwa yana can sama, gado kamar na amarya, tagar gilashi daga ƙasa har rufi wadda ba a buɗewa. Ina ganin teku amma ba na jin ƙamshinsa. Ina ganin ruwan sama yana dukan gilashi amma ba na jin sanyinsa. Da safe nakan manna goshina a jiki in nemi gefen da duwatsunmu suke, in ce yanzu Tamta tana tsakanin layukan inabi da ɗankwali a ka, yatsunta sun yi baƙi da ruwan 'ya'yan itace, tana tsokanar ƙannenta. Ya ke kurciyar gonar Obca, ko kina tunawa da ni idan kin ɗaga kwando? Ko kin riga kin fara koyon gaisuwar mutanen Italiya?

Kada ki ce ban yi ƙoƙari ba. Na sami Baba Guram a ofishinsa na ce, "Baba, ina da magana." Ya ce, "Ci abinci tukuna." Na ci. Na ce akwai yarinya, akwai alkawari, akwai tsinkar inabi. Ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya dafa kaina ya ce, "Yarinyar da ke son ka za ta jira, ɗana. Maganar da aka sha ba a amayar da ita. So kake a ce ɗan Anzor ya sha ƙaho ya gudu? Ko so kake a ce Guram ya kori ɗan amininsa?" Sai ya sa aka ɗinka min sabuwar riga. Haka yake yi kullum. In na buɗe baki ya cusa min nama, in na ɓata rai ya aiko min da takalmi. Na kira Mama ina neman mafita, ta fashe da kukan murna tana cewa Allah ya dubi maraya, kada in kuskura in kunyata kabarin ubana. Da mugu ne ya tsare ni, wallahi da tuni na fasa ƙofa. To yaya ake faɗa da mai shafa maka kai?

Lali ce ta nuna min ƙofar ba tare da ta sani ba. Muna hutawa a bayan dandamali na tambaye ta ina wanda nake maye gurbinsa ya tafi. Ta ce, "Au, ba ka sani ba? Bakin rigarsa ne ya shafi tawa a juyi, ni ko ji ban yi ba. Tsohon yana zaune, ya miƙe ya ce a tsayar da ganga. Yaron bai kwana a gidan nan ba." Ta ce Baba Guram yana yafe wa mai satar cokali, yana yafe wa mai zuwa aiki a buge, amma ban da wannan. Yakan ce duk abin da ke gidansa na kasuwa ne, rawar nan kaɗai ce mai tsarki, kuma ko ɗan cikinsa ne ya ɓata ta sai ya fita.

Tun daga lokacin zuciyata ba ta zauna ba. Ranar Lahadi mai zuwa bayan wannan Baba Guram zai yi walimar cikar shekarunsa, kuma ya aika wa Malama Eteri ta dawo da ƙungiyarmu gaba ɗaya. Ya ce yana so ya sake ganin rawar da ta ci gasa, ni da ke, a gaban teburinsa. Beso da ya zo duba ni ya gaya min kin ce ko da sarƙa aka ja ki ba za ki sake taka Batumi ba. Ina durƙusawa a kan gwiwoyina biyu, ya ke hasken gidanmu na gobe, ki karya wannan rantsuwa. Garin masoyi ba ya nisa, balle motar Malama ce za ta kawo ki kyauta.

Ga abin da nake nufi, kuma ba wanda ya sani sai ke, ko Beso ban gaya wa ba. Idan ganga ta ɗauka muka zagayo daidai gaban Baba Guram, zan miƙa hannu in kama naki. Ba kuskuren bakin riga ba, ba shafar iska ba. Zan kama shi sosai, yatsu cikin yatsu, kowa ya gani. Zai miƙe ya tsayar da ganga. Zai kore ni da bakinsa, bisa dokarsa, kuma ba wanda zai ce ɗan Anzor ya sha ƙaho ya gudu. Maganar da ya ɗaura a teburi, a teburi za ta kwance.

Na san kuɗin wannan abu, kuma ba na ɓoye miki. Malama Eteri ba za ta sake kallona ba, ita da ta gyara min kafaɗa da sandarta tun ina ɗan shekara goma. Ba ƙungiyar da za ta sake ba ni riga daga nan har babban birni Tbilisi. Tsohon da ya so ni saboda ubana zai ji kunya a gaban baƙinsa, wannan kuwa yana yanka ni tun yanzu. Kunyar tawa ce ni kaɗai, don kowa ya san a rawar nan mace ba ta laifi. Amma babanki manomi ne mai lissafin kansa, kuma ina jin zai fi buɗe ƙofa ga wanda aka kora daga gidan caca a kan wanda ake tafa wa a ciki. An ce namijin da ya taɓa ya tattara takalmansa ya tafi noma. To madalla! Ai noman nake nema, kuma na san gonar.

Sai dai ba zan taɓa ki ba da izininki ba, ko da zan ruɓe a wannan bene. Ga alamar da nake roƙo. Kin saba idonki yana ƙasa daga farkon rawa har ƙarshe. Idan muka iso gaban teburin, in kina so na, in har yanzu akwai wurina a layin inabin Obca, ki ɗago ido ki dube ni. Shi ke nan, ba sai kin ce komai ba. In kuwa kika bar shi a ƙasa, na rantse zan ƙarasa rawar tsaf yadda aka koya mana, ko zaren rigata ba zai kusance ki ba. Zan rusuna miki, a tafa mana, ki hau mota, ni kuma in hau bene in ci gaba da kallon tekun da zai ɗauke ki.

Shekaru ana yaba min don ban taɓa ki ba, Tamta. Na ƙoshi da wannan yabo, ya ishe ni, ya tsaya min a wuya. Ki zo ki taimake ni in rasa shi.

Ko kin ɗago ko ba ki ɗago ba, idona ba shi da wata fuskar da zai tsaya a kai, a garin nan ko a wani, bana ko baɗi, har ranar da za a cika ƙaho a miƙe tsaye a ambaci sunana cikin waɗanda suka tafi.

Naki, mai jiran ɗagowar ido ɗaya,
Otar ɗan Anzor